Auren Tumatir da Zaƙami

Duk lokacin da aka turo mini sababbin masu koyon aiki, abin da suke fara tambaya shi ne ina reza. Ku ma na bana haka kuka yi. Kun ga na yanko reshe, na tsaga gindi, na cusa, na naɗe da leda, ko shayin da ke gabana bai huce ba na gama. Sai ɗayanku, mai jar hular nan, ya raɗa wa na kusa da shi, "Au, dama shi ke nan?" Na ji ka sarai. Kunnen hagu ne ya mutu mini, kai kuwa ta dama ka tsaya.

In yankan kake nufi, to shi ke nan ɗin ne. Yanka kam ko wanzami ya fi ni iyawa. Amma auren itace, wato ɗora reshen wata shuka a kan gindin wata har su haɗe su zama jiki ɗaya, ba daga hannu yake farawa ba. Daga sanin dangi yake farawa: wace shuka ce 'yar'uwar wace, kusa ko nesa, kuma wane hali ne ke yawo a gidansu. Wannan ne ya ci mini ƙuruciyata, kuma har yau da furfura a gemuna ban gama da shi ba.

Kayan aikin ba su cika 'yar jaka ba. Wuƙa ce ɗaya mai kaifi ta gefe guda, da dutsen washi, da almakashi, da reza don ƙananan shuke-shuke, da leda da aka yayyanka siri-siri, sai tsumma mai tsabta. Wuƙar nan ba a fere rake da ita, ba a yanke farce, ba a ɓare goro. Na san wani ya sha mangwaro da ita shekaranjiya, don na tarar da danƙo a bakinta. Ban tambayi ko wane ne ba, amma kowa ya san kansa.

A Roni na koya, wurin Malam Tanimu, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya ajiye aiki ya buɗe wurin renon dashe a bayan gidansa. Mahaifina ya kai ni da hannunsa, ya ce, "Malam, ga shi nan. Makaranta ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta." Damina guda na yi ban taɓa wuƙa ba. Cika leda da ƙasa da taki, ɗebo ruwa, korar awaki. Har na fara zargin ko korar awakin ce sana'ar.

Wata safiya da kaka ya miƙo mini buhu, ya ce in hau duwatsun bayan gari, in sauko ta gonaki da fadama, duk abin da na gani da fure ko da 'ya'ya in karyo masa reshe. Na dawo da azahar, ƙafafu duk ƙaya. Ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Zazzage. To, raba mini su gida-gida." Na zauna na yi aiki mai kyau a ganina. Masu ƙaya na tara su waje guda, manyan itatuwa waje guda, abin da ake ci waje guda, ciyayin banza waje guda. Malam ya zagaya tabarmar yana riƙe da haɓa.

"Haruna," ya ce, "wato duk mai gemu a garin nan ɗan gidanku ne?"

"A'a, Malam."

"To me ya haɗa magarya da bagaruwa?"

"Ƙaya, Malam."

"Ƙaya! Duk shukar da ta daɗe tana zaune cikin awaki da raƙuma ai sai ta nemi abin kare kanta. Wannan ba gado ba ne, zaman wuri ne ya kawo shi."

Ya zare magaryar ya ajiye ta gefen kurna. Ya ɗauki kwanson bagaruwa, ya ɗauko na wake daga cikin tarin abin ci, ya shiga ɗaki ya fito da busassun 'ya'yan gawo da tsamiya da ɗorawa. Ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini yadda ƙwayoyin suka jeru layi guda a cikin kwanso. Ya ce duk gida ɗaya ne, har da gyaɗa. Ni kuwa in kalli gawon da ke tsaye a bakin gona, in kalli ɗan waken da ke jan ciki a ƙasa, na ce a raina tsohon nan dai ya fara rikicewa.

Yadda ya bayyana mini shi ne yadda zan bayyana muku. Kowane gida na shuke-shuke daga kaka ɗaya Allah ya fito da shi. 'Ya'ya suka warwatsu, wani ya hau dutse, wani ya sauka fadama, wani ya nufi rairayi. Zamani mai tsawon da ba ya lissafuwa ya wuce, kowa ya sauya kama daidai da wurin zamansa. Tsayi da ganye da ƙaya suna saurin sauyawa, amma a fure da 'ya'ya alamar gidan takan daɗe. Kuma a cikin gida ɗaya ma akwai shaƙiƙai, akwai 'yan maza zar, akwai waɗanda sai an dangana da kakan kakanni kafin a haɗu. Waɗanda rabuwarsu ba ta yi nisa ba, aurensu yana kamawa cikin sauƙi: mangwaro a kan mangwaro, lemon zaƙi a kan lemon tsami, magarya a kan kurna. Mangwaro da kanju da danya gida ɗaya ne, amma sun daɗe da rabuwa. Na gwada haɗa su har na gaji, kullum reshen sai ya bushe. In kuwa aka fita daga gida gaba ɗaya, ko da alharini ka naɗe, asarar reshe kawai ka yi.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in ka san gida, ka kuma san halin gidan. Ya nuna mini aguwar da ake shinge da ita, da zurman, da bini-da-zugu, da rogo. A ido ba abin da ya haɗa su, amma ka fasa ɗan kowanne za ka tarar da ɗaki uku a ciki, kuma kusan kowa a gidan yana da guntuwar gubarsa. Shi ya sa rogo mai ɗaci sai an jiƙa shi kafin a ci, duk da kyan fuskarsa.

Sai da na iya raba tabarmar nan ba gyara kafin ya ba ni wuƙa. Ko a nan ma ba mangwaro ya ba ni ba, rassan darbejiya ya tara mini in yi ta fiƙewa, har yanka ya riƙa fita da ja ɗaya, sumul, ba tudu ba kwari. Yakan ɗora yankan a kan bayan wuƙa ya ɗaga sama, in haske ya ratsa tsakani ya jefar. Dalili, a ƙarƙashin ɓawo akwai wani ɗan kore mai danshi, nan ne ran itace yake, kuma sai na reshe ya kwanta daidai a kan na gindi kafin su haɗe. Ranar da mangwarona na farko ya yi toho, na ruga na kira shi. Ya sunkuya ya duba, ya ce, "Ashe itacen nan haƙuri gare shi." Iyakar yabon da na taɓa samu a bakinsa ke nan, kuma na ji daɗinsa ƙwarai.

Masu zuwa neman aiki ba ruwansu da wannan lissafin dangi. Bayan na dawo Kazaure na kafa nawa wurin a bakin dam, wani Alhaji mai fataucin hatsi ya aiko mota tun daga Babura aka ɗauke ni. Ya kai ni gonarsa, ya nuna mini darbejiya a jere tun daga bakin hanya har ƙarshen shinge.

"Malam Haruna, ka ga waɗannan? Ba ruwansu da ban ruwa, gara ba ta taɓa su. So nake ka sare kawunansu ka ɗora mini mangwaro, baɗi in sha a inuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba dangi ba ne. Darbejiya 'yar gidan su maɗaci ce."

"To ɗora mini abin da ake ci daga gidan nasu."

"Alhaji, ni dai ban san wanda ya taɓa fito da abin daɗi daga gidan nan ba."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, amma ya ce shi fa ba zai ƙona mai a banza ba. Sai na hango magaryar daji da kurna sun cika gefen gonar, yana shirin sa a sare su. Na ce ya dakata. Direbansa mai shiga Nijar ya taho mana da rassan magarya mai manyan 'ya'ya, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, na ɗora su a kan na dajin. Da suka yi 'ya'ya, kowace ɗaya ta kusa ƙwan kaza, Alhaji ya riƙa cika aljihu yana rabawa a kasuwa yana cewa dabararsa ce. Ban musa masa ba, don a dalilinsa na yi aiki a Babura har na gaji da hanyar.

Wata Hajiya kuma a nan cikin gari ta raini dabino daga ƙwallon da ta taho da shi daga Makka, ta ce in ɗora mata a kan gorubar gidansu don ya yi saurin tashi. Na ce dangi kam dangi ne, amma gidan su dabino da goruba da giginya ba sa karɓar aure sam, don ba su da wannan koren na ƙarƙashin ɓawo. Ta riƙe baki ta ce ashe akwai gidan da ya fi dangin mijinta taurin kai.

Kada ku zaci ni ma na gama sani. 'Yata Bilkisu ta karanci ilimin tsirrai a jami'a. Ta dawo hutu ta tarar ina yi wa wasu irinku bayani, ta bari sai da suka tafi, sannan ta durƙusa ta ce, "Baba, yanzu fa masana ba fure kaɗai suke dubawa ba. Suna karanta ƙwayoyin gado da ke cikin jikin shuka, kuma sun sake wa wasu gida. Kuka ma an gano 'yar gidan su kuɓewa ce, da rama da auduga da lalo." Na ce kuka, wadda ake kafa kasuwa a gindinta, ita ce 'yar'uwar kuɓewar bayan ɗaki? Ba ta yi gardama ba. Da damina ta kankama ta tsinto furen kuka ta ajiye mini kusa da na kuɓewa. Na duba tsakiyarsu, na ga zaren da ke ɗauke da garin fure ya haɗe ya zama sanda ɗaya a duka biyun. Uwarta ta leƙo daga madafa ta ce ita ai tukunya ta daɗe da gaya mata, tunda duk yauƙi suke yi. Bilkisu ta ce, "Umma, karkashi ma yana yauƙi, amma ɗan gidan riɗi ne." Haka yarinyar nan ta kayar da mu duka biyu a zama ɗaya.

Shekarar da ba na mantawa ita ce ta ciwon yaushi. Masu noman rani, tun daga bakin dam ɗin nan har ta wajen Gwiwa, suka dasa tumatir. Ya yi kyau, ya fara fure, sai ya riƙa kwanciya. Da safe ka bar shi a tsaye, da yamma ka tarar ya yi laushi kamar an watsa masa ruwan zafi, alhali ƙasa a jiƙe take. Ciwon a cikin ƙasa yake, ta saiwa yake shiga, feshi bai yi masa komai ba. Mata suka koma miya da busasshen tumatirin bara. Ni ma na ji a jikina, don manomin da lambunsa ya mutu ba ya sayen dashen mangwaro.

Bilkisu ce ta lura gautar da ke cikin lambunan nan ba ta kwanta ba. Ta ce tunda gauta da tumatir dangi ne na kusa, mu ara wa tumatir saiwar gauta. Aiki ne mai cin rai. Dashen bai fi tsinken ashana kauri ba. Ka yanke shi a karkace da reza, ka yanke gautar haka, ka haɗa bakin da ɗan guntun bututun roba, ka rufe su a inuwa mai laima har su warke. Atishawa ɗaya ta isa ta ɓata maka aikin safiya. Amma ya kama, kuma waɗanda suka saya suka sake dasawa sun ga amfaninsa.

A nan Mati ya shigo. Mati taubashina ne, ɗan Goggo Hassi ƙanwar mahaifina, yana da lambu a wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake kiransa, shi kuma bai taɓa yarda ba. Tsakaninmu ba a maganar gaskiya. In na ce masa ana ruwa, sai ya leƙa waje. Na taɓa sa shi ya yi wanka ya sa babbar riga ya tafi ɗaurin auren da babu shi, shi kuma ya taɓa aiko mini cewa Hakimi yana nemana. Da ɗinkin hula ya fara neman abinci kafin ya koma lambu, don haka hannunsa a natse yake.

Ya zo ya zauna a kan bokiti ya kalle ni safiya guda, yana cin gyaɗata.

"Wai su wane ne 'yan gidan nan?" ya ce.

Na jero masa: tumatir, gauta, yalo, barkono, tattasai, dankalin turawa, taba, har da zaƙami. Na tsinko furen tumatir da na barkono na nuna masa kusurwa biyar ɗin da suke da ita, na ce in ya buɗe dogon furen zaƙami ya ƙirga, haka zai samu.

"Zaƙamin kan juji? Wanda ko akuya ba ta ci, ko ruwa ba ya nema?"

"Shi fa. Amma kul, bawana. Malam Tanimu ya hana ni ɗora abin ci a kansa. Gubarsa hawa take yi."

Ya kwashe da dariya. "Kai da bakinka kake gaya wa mutane lemon zaƙi a kan gindin tsami zaƙinsa yake fitarwa. Gindi ruwa kawai yake turowa, in ji ka. Yau kuma don in sayi gautarka, gindi ya zama mai guba? Taubashi, ka ci kasuwarka da wani."

Na sake faɗa masa da fuska a ɗaure. Amma da irin wannan fuskar na tura shi ɗaurin auren nan, don haka ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya hau babur ya tafi. Na ɗauka surutu ne kawai irin nasa.

Bayan 'yan watanni labari ya iso Kazaure cewa akwai lambu ɗaya ta wajen Gwiwa da tumatir ya yi kamar ba a taɓa ciwo ba, kuma na Mati ne. Na ce lallai bawan nan ya raini gautarsa a ɓoye. Na hau babur da hantsi don in je in karɓi rabon ubangida. Na tarar da lambu kore shar, tumatir jawur har rassa suna rinjaya. 'Yan ƙwadago suna tsinka, wani dillali ya ajiye mota a bakin hanya da kwanduna a jere. Mati na tsaye a tsakiya, ya turo hula gaban goshi.

"Ga ubangidan ƙarya nan ya zo roƙo," ya ce. "A tsinto masa ruɓaɓɓu."

Mai sana'ata ba ya fara kallon 'ya'ya, gindi yake fara dubawa. Na tsuguna na ɗaga ganye. Ƙasa da wurin haɗin wani toho ya fito, ganyensa faffaɗa, karansa shunayya. Na murza na sansana. Warin zaƙami ne. Na duba na gaba, na duba na bayansa. Duk lambun a kan zaƙami yake.

"Mati, a dakatar da tsinkar nan."

"Hassada ta motsa."

"Ba wasa nake ba. Wannan tumatir ba ya ciwuwa."

"Ai na sani. Saura ka ce in bar maka shi ka kai wa awakinka."

'Yan ƙwadagon suna ta dariya, don sun san mu. Ban taɓa jin haushin wasan taubasai ba sai ranar. Duk abin da na faɗa, da wasa yake isa kunnensa. Sai na ciro waya na kira Bilkisu, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na gaya mata abin da na gani. Ita ba abokiyar wasansa ba ce, 'ya ce, kuma bai taɓa jin ta faɗi abin da ba haka ba.

"Baba Mati, ina kwana," ta ce. "Don Allah kada a ci ko ɗaya. Lemon tsami a cikin 'ya'yansa yake haɗa tsaminsa, shi ya sa gindinsa ba ya ɓata zaƙi. Zaƙami kuwa a saiwa yake haɗa gubarsa, ya turo ta sama tare da ruwa. Duk abin da aka ɗora masa a kai sai ya sha. Ba a gani, ba a jin ɗanɗano, dafuwa ma ba ta kashe ta. Babba zai iya fita hayyacinsa, yaro kuwa zai iya rasa ransa."

Mati ya gyara hularsa a hankali. Ya dube ni, ya ga ba na murmushi. Sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Haruna, na aika wa Inna tun da sassafe."

Al'adarsa ce, kamar ta kowa a wajen, nunan fari na uwa ne. Ya cika fanteka ya aika mata kafin ya bari a sa ko ɗaya a kwando. Muka hau babur ɗaya, ban san lokacin da muka isa ƙauyen ba.

Muka tarar da Goggo Hassi a tsakar gida tana tsintar wake, fantekar na gefenta wayam.

"Inna, ina tumatirin?"

"Na rabar. Shekarar da ba wanda ya ga ɗanyen tumatir, Allah ya ba ɗana, sai in zauna in ci ni kaɗai? Kowane gida a layin nan na aika musu."

Da muka yi mata bayani sai ta juyo kaina. Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take ce mini.

"Babana, in wasanku ne na banza, ka faɗa mini yanzu."

"Wallahi, Goggo, ba wasa ba ne."

"To, ku maza ne, ba ku shiga gidajen mutane. Kyautar da na yi da hannuna, da tsufana, ni zan bi in ce a dawo mini da ita." Ta yafa mayafi ta ɗauki fantekar. "Ku biyo ni, ku tsaya a zaure ku ji kunyar tare da ni."

Haka muka bi layin. Ta yi sallama ta shiga, mu tsaya a waje, mu ji ana cewa, "Lafiya, Inna Hassi?" Can ta fito da 'yan ƙwayoyi a hannu, ko da markaɗe a kwano. Wata mata ta biyo ta har zaure tana cewa in dai gori za a yi mata, da ba a aiko ba. Goggo ta wuce gida na gaba. A gidan wata mai jego aka tarar miya ta nuna, an kwashe tuwo, ana shirin zubawa. Goggo ta sauke tukunyar da kanta ta fito da ita, da naman kaza da komai, ta miƙa wa Mati ta ce, "Riƙe. Kai ka dafa." Ya karɓa.

Mutum ɗaya ya riga mu. Malam Audu mai gyaran keke ya yanka nasa ɗanye, ya haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa ya ci tun da safe. Muka same shi a rumfarsa, leɓe a bushe, idanu waje, yana kama wasu kaji da shi kaɗai yake gani, yana kiran Mati da sunan matarsa shi Audun. Aka ɗora shi a babur, wani ya zauna a baya ya riƙe shi, aka nufi asibiti. Ya kwana can, ya warke, kuma har yau in ya ga Mati sai ya tambaye shi ko da saura.

Da la'asar muka koma lambu. 'Yan ƙwadago sun zauna a inuwa, kwandunan da aka cika suna jere. Dillalin bai tafi ba. Ya ja Mati gefe, amma ina jin su.

"Malam Mati, ka yi tunani. Kudu za a kai shi. Can za a gauraya da na wasu, kowa ya samu ɗaya ko biyu a tukunya. Wa zai sani? Bana fa ba ka da wani abu sai wannan."

A nan kam gaskiya ya faɗa. Mati ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi injin ban ruwa don lambun nan, kuma gero ya kusa ƙarewa a rumbunsa. Na yi shiru, don na san in na buɗe baki maganar za ta iya komawa wasa. Ya tsaya yana kallon kwandunan har na fara jin tsoro. Sai ya ce wa dillalin, "A Kudun ma akwai masu jego." Ya juya wajen 'yan ƙwadago ya ce su kawo shebur da diga.

Muka haƙa rami a ƙarshen lambu, mai zurfi yadda kare ko akuya ba za su tono ba. Aka juye kwanduna ciki. Sannan muka bi fangali-fangali muna tumɓuke shukar, shi ta wannan gefe, ni ta wancan. Ni dai hannuna ya saba, duk wadda na tumɓuke sai na shafa wurin haɗin da babban yatsa kafin in jefa. Babu kumburi, babu tsaga, babu inda ruwa ya shiga. In ba don launin kara ya bambanta ba, ba za ka ce an taɓa yanka ba. Tausayinsa ya kama ni.

Da muka zo fangalin ƙarshe ya tsaya, ya ɗaga guda ɗaya, jajayen 'ya'yanta suna reto, ya miƙo mini. Idonsa ya yi ja.

"Taubashi, ban da wasa. Auren ya kama ko bai kama ba?"

Na juya ta a hannuna. Na ce, "Ya kama, Mati. Ni da nake koyarwa ban taɓa yin mai kyan wannan ba."

Ya gyaɗa kai, ya karɓe ta daga hannuna, ya jefa a ramin. Muka mayar da ƙasa.